Tambari a Bayan Wuya

Shagon Baba Tela yana tsakanin shagon mai guga da na mai gyaran waya, a layin da motocin haya ke juyawa. Ɗaki ne ɗaya, dogo, mai ƙofar ƙarfe da sai an tallafe ta da ƙafa kafin ta rufu. Keken ɗinki biyu ne a ciki, na lantarki da na ƙafa, amma na lantarkin ya fi zama a lulluɓe da tsumma, domin wutar unguwar ba ta da alkawari. Akwai teburin yanka da almakashi ya cinye gefensa, da madubi mai tsaga a kusurwa, da bencin masu jira. Can saman kanta, inda sai an taka kujera, akwai wani tsohon gwangwanin biskit.

Sunansa na ainihi ya ɓace tun da daɗewa, har matarsa Baba Tela take cewa idan tana ba da labarinsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tef ɗin awo a rataye a wuya ko wurin gaisuwar mutuwa za shi, sai an tuna masa ya cire. Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. Idan kana yi masa magana ba fuskarka yake kallo ba, kafaɗar rigarka yake kallo. Sai ka gama zuba bayaninka tsaf, ya ɗago ya tambaye ka wa ya yi maka wannan aika-aikar. Mutane da yawa sun yi fushi da shi a kan haka, kuma yawancinsu sun dawo da yadi a hannu.

Ya shigo birni yana saurayi, ba shi da komai sai ƙafafun taka keke. Ya koyi aiki a hannun wani tsoho mai ɗinkin kwat, mutumin da bai san wasa ba. Idan layi ya karkace ko da kaurin zare ne, tsohon ba ya faɗa, sai dai ya miƙo maka reza. Ka farke, ka sake, ka farke, ka sake, har yadin ya fara gajiya. A nan hannun Baba Tela ya miƙe. Da ya buɗe nasa shagon ya ɗauka garin zai taso ya yi layi a ƙofarsa, amma ko kare bai leƙo ba.

Wata rana ya ɗinka kwat mai ruwan toka, ya zuba mata duk abin da ya iya, ya rataye a ƙofa. Wani ma'aikacin banki ya tsaya, ya shafa, ya gwada, ta zauna masa ɗas. Sai ya juya bayan wuyan, bai ga komai ba, ya tambaya ko ɗinkin gida ce. Da aka ce masa e, ya tuɓe ta da sauri, ya ce shi ba ya shiga ofis da ɗinkin gida. Baba Tela ya wuni bai sa komai a cikinsa ba. Washegari ya je wurin mai gwanjo ya ɗauko wata yagaggiyar kwat da ko kyauta ba mai so, ya farke ɗan ƙyallen nan na bayan wuya mai sunan kamfani da ƙasar da aka yi ta, ya maƙala wa tasa. Ba a jima ba wani ya zo ya saye ta, yana ta yaba hannun mutanen ƙetare.

Shi ke nan, hanya ta buɗe. Tambari yake kiran ƙyallen, kuma irinsa ne cike a cikin gwangwanin biskit ɗin. Duk dilar da mai gwanjo ya kwance, ruɓaɓɓun ciki na Baba Tela ne. Ya farke tambarin, sauran ya zama tsumman goge keke. Yakan ce shi bai taɓa buɗe baki ya ce wa kowa kayansa na waje ne ba, mai saye ne ke juya wuya ya karanta ya gyaɗa kai. To, wannan tsakaninsa ne da Mahaliccinsa. Mai Guga ya sani, tunda shi ke goge kwat ɗin kafin a sa su a leda, kuma bakinsa bai taɓa yoyo ba. Matarsa ma ta sani, tana kiran abin sana'ar maƙale-maƙale, amma da wannan maƙale-maƙalen aka rufe ɗaki da kwano, aka kai yara makaranta.

Babbar cikin yaran ita ce Malama. Lissafi take koyarwa a wata sakandare, kuma tun ranar da ta kama aiki uban ma ya koma kiranta Malama, rabi tsokana rabi alfahari. Taurin kansa ta ɗauko kaf. Idan ɗalibi ya ci maki tara ba za ta ba shi goma ba ko da uwarsa ta zo ta yi kuka a ofis. Mijinta ma'aikacin asibiti ne, mutum mai sanyin hali, ya daɗe da gane cewa gardama da ita ɓata yawu ne.

Da zaɓe ya matso, sai ta shiga wata ƙungiya ta masu sa ido. Ba 'yan wata jam'iyya ba ne. Malamai ne, da ma'aikatan jinya, da ɗalibai, da tsofaffin da suka yi ritaya suka rasa abin yi da safiyarsu. Aikinsu su tsaya a rumfar zaɓe su ga yadda aka jefa ƙuri'a, yadda aka ƙirga, da abin da aka liƙa a bango, su faɗi abin da suka gani. Sun yi rajista, an ba su izini da hatimi. Ita aka ba shugabancin mazaɓarsu. Uwarta ta yi ta mita, tana cewa mai aure da aiki me ya kai ta tsayuwa a rana tana gadin akwatin wasu. Baba Tela bai hana ta ba, don a ganinsa ai tsayuwa ce kawai da kallo.

Suna buƙatar riguna iri ɗaya da za a gane su daga nesa, sai suka yi karo-karo suka sayi yadi mai ruwan ɗorawa. Malama ta kawo wa uban, ta ce falmaran suke so, mara ado, a rubuta sunan ƙungiya a baya. Ta yi maganar ladan aiki, ya harare ta har ta yi shiru. Ya ture ɗinkin kowa gefe. Ya yi wa kowace falmaran shafi a ciki, da aljihun biro, da aljihun waya mai zif, ya ninka ɗinkin hammata don kar ya saki idan an yi turereniya. Mai Guga ya ce masa rigar wuni ɗaya ce fa, ba ta aure ba. Baba Tela ya ce 'yarsa ce za ta sa.

A nan ne kuma ya yi abin da shi kaɗai zai yi. Shekarun baya mai gwanjo ya taɓa kwance wata dila ta rigunan ma'aikatan wata masana'anta, ruwa ya taɓa su duk sun ruɓe, amma tambarinsu garau. Iri ɗaya ne duka, saƙaƙƙe ba bugawa ba, da 'yar tuta a gefe da rubutu cikin wani harshe da ba wanda ya iya karantawa a layin. Baba Tela ya ɗaure su da zare ya ajiye a ƙasan gwangwani, ya ce sai aikin da ya cancanta. Ya hana manyan kwastomominsa su. Ranar da ya gama falmaran ɗin ya taka kujera ya sauko da su, ya maƙala wa kowace ɗaya, har ya zamana ba ko guda da ta rage.

Malama ta zo ɗauka ana gobe zaɓe, a gurguje, mota na jiranta a bakin layi. Ta ɗaga guda ta juya wuyan, ta yi dariya.

“Baba, ba za ka daina ba ko?”

Ya ce ta bar shi ya yi abin da ya sani. Ɗan sandan da ya damƙi wuyar riga ya ga ta waje ce, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga hannu. Ita ba ta san mutane ba, shi ya san su. Ta girgiza kai, ta ce lokaci ya ƙure, ta rungumi ƙullin ta fita. Ya bi ta har bakin titi yana ce mata kar a ninke su da zif a buɗe.

An yi zaɓe. A wasu rumfunan lafiya lau, a wasu kuma an zo da mota an ɗauke akwati tun mutane na kan layi. Abin da aka liƙa a bango daban, abin da rediyo ya faɗa daban. Ƙungiyar ta tara abin da mutanenta suka gani, ta kira 'yan jarida ta karanta. Kafin mako ya zagayo gwamnati ta soke rajistarsu, aka garƙame ofishinsu, aka kwashe kwamfuta da takardu da ƙullin falmaran da aka dawo da su don wanki. Malama kuwa a aji aka same ta, da rana tsaka, alli a hannunta. Ta roƙi waɗanda suka zo kama ta su bari ta ƙarasa misalin da ke kan allo, ba su bari ba.

Daga nan Baba Tela ya koyi wata sana'a da bai nema ba, wato bin ofisoshi. Nan a ce ba ta hannunsu, can a ce mai sa hannu ya fita, gaba a ce ya dawo jibi. Shi da surukinsa suka yi ta zarya har takalminsa ya buɗe baki. Sai da aka shafe makonni kafin a yarda cewa tana tsare, ita da wasu mutum bakwai. Aka hana beli. Tuhumar da aka yi musu doguwa ce, amma kanta ɗaya: wai wata ƙasar waje ce ta ɗauki nauyinsu don su ɓata zaɓe su tayar da zaune tsaye. Baba Tela da ya ji haka har ya ɗan sami sauƙi a ransa. Ya ce wa matarsa ai wannan ƙarya ce mai sauƙin kamawa, mutanen da suka yi karo-karon kuɗin yadi.

Lauyan da ya karɓi shari'ar wani siriri ne mai saurin magana, kwat ɗinsa ta zame daga kafaɗar hagu, abin da ya dinga ci wa Baba Tela rai duk lokacin da suka zauna. Mutumin kirki ne, amma hannunsa a ɗaure. Ba a bar shi ya ga waɗanda yake karewa ba sai a gaban mai gadi, ba a kuma nuna masa hujjojin da za a kawo ba. Ya rubuta ƙorafi, aka ce an karɓa.

Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka biyu, ɗaya ba ta juyawa. Tun kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, wasu ƙarti masu kayan gida sun cika bencinan gaba, su ba dangin kowa ba, su ba 'yan jarida ba. Iyalai sai su matsu a benci biyu na baya, wasu a tsaye a baranda. Zama bayan zama ana ɗagewa. Yau alƙali ba shi da lafiya, gobe motar gidan yari ba mai. Da aka fara sauraro, shaidun gwamnati daga bayan labule suka yi magana, ba suna ba fuska. Wani ya ce ya ga baƙi suna shiga ofishin ƙungiyar. Da Lauya ya tambaye shi wane irin baƙi, alƙali ya ce tambayar ta taɓa tsaron ƙasa.

Baba Tela yana zuwa kowane zama. Daga inda yake ƙeyar Malama kawai yake gani da kafaɗunta, kuma ya lura rigarta ta fara yi mata yawa.

Sai ranar da lauyan gwamnati ya sa aka shigo da wani buhu. Ya zaro falmaran mai ruwan ɗorawa, ya ɗaga ta sama ya zagaya da ita. Ya juya wuyan a hankali, ya karanta sunan ƙasar da ke jikin tambarin. Ya zaro ta biyu, ya karanta. Ta uku ma haka. Ya ce duk kamfani ɗaya, duk ƙasa ɗaya, ga tutarsu nan. Waɗanda ake tuhuma sun ce ba su taɓa karɓar ko allura daga waje ba, to wa ya yi musu sutura?

Baba Tela ya gane tambarin da ya maƙala da hannunsa. Bai san lokacin da ya miƙe ba, sai jin muryarsa ya yi tana cewa shi ya ɗinka, a shagonsa, da kekensa. Malama ta waiwayo, karo na farko da ya ga fuskarta sosai tun da aka kama ta. Ba fushi a fuskar, tsoro ne, kuma saboda shi take jin tsoron. 'Yan sanda biyu suka riƙe shi ta hammata suka fitar da shi baranda.

Da yamma Lauya ya zo shagon ya zauna a bencin masu jira. Baba Tela ya sauko da gwangwanin ya buɗe masa, ya ba shi labari tun daga kwat mai ruwan toka. Lauya ya daɗe yana kallon tulin tambarin. Ya tambaya ko akwai sauran irin na falmaran ɗin, ko guda ɗaya. Babu. Ya tambayi mai gwanjo. Aka aika, mai gwanjo ya ce shi bai taɓa sayar wa wani tela komai ba, a bar shi ya ci abincinsa. Mai Guga ya ce shi zai je ya faɗa, ai da hannunsa ya goge su. Lauya ya ce zai nema, amma da ƙyar ma idan za a bar mutum ɗaya ya ba da shaida.

Sannan ya faɗa wa Baba Tela gaskiya. Idan ya shiga akwatin shaida, duk garin zai ji cewa kwat ɗin da ya sayar tsawon shekaru ɗinkin gida ne. Kwastomomi za su watse, wataƙila ma a buɗe masa tasa tuhumar. Baba Tela ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙafa, don ya san fuskokin da za su karanta labarin ɗaya bayan ɗaya. Amma bai nemi lokacin tunani ba. Ya ce a rubuta sunansa. Da Lauya ya tashi tafiya, Baba Tela ya ce masa ya bar kwat ɗin nan a gyara kafaɗar, ba za su shiga gaban alƙali a haka ba.

Mutum ɗaya aka bari, kamar yadda Lauya ya zata. Baba Tela ya zo da gwangwaninsa, da guntayen yadi mai ruwan ɗorawa da ya tsince daga ƙarƙashin tebur, da kwalin da ya yanka samfurin falmaran ɗin a kai. Matarsa ce ta cire masa tef daga wuya a bakin ƙofar kotu. Lauya ya yi masa tambayoyi, ya amsa tiryan-tiryan, har ya bayyana dalilin ninka ɗinkin hammata. Sai lauyan gwamnati ya taso, yana murmushi, ya kira shi Baba cikin ladabi.

“Shekara nawa kana maƙala wa kayanka tambarin da ba naka ba?”

“Sun haura talatin.”

“Masu saye sun sani?”

“Ba su sani ba.”

“Wato ka yaudare su.”

Baba Tela ya buɗe baki zai kawo maganarsa ta kullum, cewa shi bai taɓa faɗa da baki ba. Ya dubi ƙeyar Malama, ya haɗiye ta.

“Na yaudare su.”

“Waccan ta biyu daga hagu, mece ce a wurinka?”

“'Yata ce.”

Lauyan gwamnati ya juya wajen alƙali ya buɗe hannuwa. Ya ce mutumin da ya yi shekara talatin yana ƙarya don ya ci abinci, ba zai ji nauyin yin ta wuni ɗaya don ya ceci 'yarsa ba. Yadi mai ruwan ɗorawa kuwa, kowace kasuwa akwai shi. Gwangwani cike da tambari, amma ba ko ɗaya irin na rigunan.

“Ranka ya daɗe, a kawo keke,” in ji Baba Tela. “Keke kawai da yadi. In ɗinka ta nan a gaban kowa, a haɗa a gani.”

Alƙali bai ɗago daga rubutunsa ba. Ya ce nan kotu ce, ba shago ba. Ƙartin bencin gaba suka yi dariya.

Lauyan gwamnati bai gama ba. Ya sake ɗaukar falmaran ɗin, ya juya cikinta waje, ya kai wa alƙali har kan tebur. Ya roƙi kotu ta duba da idonta. Ta dubi yadda layin ya miƙe daga kafaɗa har ƙasa ba ko gargada. Ta dubi shafin, ta dubi bakin aljihun, ta dubi yadda zif ya kwanta. Ya ce shi ma yana sa tufafi, ya kuma san telolin garin nan. Wannan aikin babbar masana'anta ne, ba telan bakin titi da zai iya shi ko zai shekara yana gwadawa.

Ga wani abu da Baba Tela bai faɗa wa kowa ba sai Mai Guga, shi ma bayan an daɗe. A daidai lokacin da mutumin nan ke lissafa kyan ɗinkin, sai da wani daɗi ya ɗan tsarga masa, na ƙiftawar ido. Maganar da ya yi rayuwarsa yana jira wani mai kwat ya faɗa a bainar jama'a ke nan. Kafin daɗin ya sauka ya gane abin da ake yi da ita, sai ya ji ya tsani hannuwansa.

Ranar hukunci alƙali ya karanta daga takardu masu yawa, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Da ya zo kan shaidar Baba Tela, layi biyu ya ba ta: uba ne, kuma da bakinsa ya amsa cewa mayaudari ne. Ya ce kotu ta duba rigunan da kanta, ta gamsu cewa ba ɗinkin gida ba ne. Malama shekara shida, a matsayinta na shugaba. Sauran daga biyu zuwa huɗu. Uwarta ta zube a baranda, surukin ya riƙe ta. Gwangwanin biskit ɗin ma ba a dawo da shi ba, wai ya zama kayan kotu.

Abin da Lauya ya faɗa ya faru. Jaridu sun buga, masu kwat suka ɗauke ƙafa. Wani ya zo har shago ya jefa tasa a kan benci yana zage-zage, a gaban mutane. Baba Tela ya ɗauki reza ya farke tambarin, ya miƙa masa kwat ɗin, ya tambaye shi ko ta canza. Mutumin ya tsaya yana huci, daga baya ya saɓa abarsa ya tafi, kuma har yau yana sa ta. Ba a tuhumi Baba Tela da komai ba, don tuhumarsa na nufin an yarda da maganarsa. Yanzu kayan makaranta yake ɗinkawa da gyaran wando. Lauya ya ɗaukaka ƙara, ba a sa rana ba tukuna. Guntayen yadin nan suna cikin leda a saman kanta, inda gwangwani yake a da.

Mai Guga ne ya fara lura da wani abu. Yana goge wata rigar makaranta ya ga kalmasar ƙasan ta ɗan karkace, kaɗan, kusa da gefe. Ya ɗauka kuskure ne. Ya gani a ta biyu, a wuri ɗaya, ya gani a ta uku. Ya leƙo ya tambaya ko keken ne ya fara wasa. Baba Tela ya ce keke lafiyarsa ƙalau. Daga yanzu duk abin da ya fita daga shagon nan sai an ga alamar hannun mutum a jikinsa, kar wani ya sake ɗaga shi a ce inji ne. Mai Guga ya ce wannan ai hauka ne. Baba Tela ya ce ya ji.

Ana barin iyali su kai wa fursuna tufafi marasa igiya da ƙarfe, sai gandiroba ta mammatsa kowane ɗinki kafin ta karɓa. Baba Tela ya ɗinka wa Malama doguwar riga mai ruwan ƙasa, ya rage faɗin da ido, don ba a barinsa ya shiga da tef. Ita ma ya sa mata karkacewar a kalmasa.

A ziyara ta gaba ta fito sanye da ita. Ɗakin ziyarar dogo ne, raga a tsakiya, kowa na ɗaga murya don a ji shi. Ta tambayi uwarta, ta tambayi ƙannenta, ta ce tana koya wa wasu mata lissafi a ciki. Ya fara maganar da yake farawa kowane zuwa, ta tambarin, ta tare shi kamar kullum. Ta ce ko da bai maƙala komai ba da sun samo wani abin, hukuncin a rubuce yake tun kafin a buɗe buhun. Wataƙila gaskiyarta ce. Shi dai bai taɓa yarda ba, don da idonsa ya ga abin da aka ɗaga.

Sai ta sunkuya ta kamo bakin rigar, ta ɗago shi daidai ragar, yatsanta a kan wurin da layin ya kauce. Muryarta ta yi ƙasa.

“Baba, idonka ne ya fara?”

Sai a lokacin ya gane abin da ta kwana da shi tun ranar da rigar ta iso. Tana ƙirga shekara shida, tana ƙirga shekarunsa. Ya ce mata idonsa garau, da gangan ya yi, ya kuma faɗa mata dalili. Ta kalle shi, irin kallon da take yi wa ɗalibin da ya san amsa ya rubuta wata.

“Sun ce ba ka iya ba, shi ne za ka taya su?” ta ce. “Ni na san wanda ya ɗinka. Kar ka ƙara kawo mini karkatacce. Ka yi mini shi yadda ka iya.”

Gandiroba ta buga ƙarfe, lokaci ya cika. Baba Tela bai bi ta gida ba, shago ya wuce. Ba wuta, sai ya ja keken ƙafa zuwa bakin ƙofa inda haske yake. Akwai sauran yadi mai ruwan ƙasa. Ya shimfiɗa shi a tebur, ya ja alli, ya rage faɗin da yatsa biyu a kan na wancan karon, domin ya ga kafaɗunta. Mai Guga ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskarsa, ya koma. Ya taka keken a hankali, layin ya tafi a miƙe daga kafaɗa har ƙasa. Da ya zo bayan wuya ya kalmashe shi, ya bar wurin ba komai, ya yanke zaren.